Ƙarar Salansa Ba Ƙarfin Inji Ba Ce: Wa Ke Biyan Kuɗin Hayaƙinku?

Ƴan uwa matasan Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Safo, Gabi da Sarkin Yamma, da ku na cikin birnin Maraɗi, yau maganar babur za mu yi, kuma ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Wata ɗabi'a ta kama gari. Yaro ya sayi sabon moto, ko ubangida ya ba shi na kabu-kabu, kafin ya cika mako ya kai shi gareji a yi masa "aiki". Mene ne aikin? A fasa salansa a zare kayan cikinta, ko a yanke ta a liƙa bututu. A cire akwatin matatar iska. A tsinke ƴan tiyo ɗin da ke bin tanki da kafireta, wai tarkacen Turawa ne da ba su da amfani a ƙasarmu. Wani ya huda murfin tanki, wani ya zura tiyo ya saki bakinsa yana lilo kusa da inji. Daga nan sai a hau titi ana murɗa hannu, gari duka ya san cewa wane ya fito.

Maganata ɗaya ce a kan wannan. Wanda ya yi wa babur ɗinsa wannan aika-aika bai ƙara masa ƙarfi ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki hayaƙinsa da ƙararsa da haɗarin gobararsa ya aza wa mutanen da ba su ci kobo cikin kuɗin da yake samu ba. Kuma ranar da hukuma za ta tashi hana babura, shi ne zai miƙa mata hujja.

ME AKE CIREWA, KUMA ME YAKE YI?

Mu fara da gaskiyar ƙarfe, don kada a ce surutun ƴan boko ne kawai.

Injin babur da iska da mai yake aiki, kuma da awo. Kafireta ce ke haɗa su daidai gwargwado, kamfani kuma ya saita ta ne bisa yadda iska ke shiga ta matata da yadda hayaƙi ke fita ta salansa. Duk ukun abu ɗaya ne. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa sauran. In ka buɗe gaba ka buɗe baya, iska ta yi wa mai yawa, inji ya riƙa ɗaukar zafin da ya wuce kima, har ya kai ga ƙona bawul. In bakanike ya ga haka sai ya faɗaɗa hanyar mai don ya rufe ɓarnar, babur ya koma shan mai kamar raƙumi ya iske rijiya. Ko ta ina ka ɓullo, aljihunka ne ke kuka.

Sannan ƙaramin inji mai fistin ɗaya, irin na Kasea, Royal, Haojue ko Boxer da muke hawa, tsawon salansarsa da faɗinta an auna su ne don ya samu ƙarfin ja tun daga ƙasa. Wannan ƙarfin ne kake bukata in ka ɗauki mutum biyu da buhun gero cikin rairayin hanyar Gabi. Bututun da aka yanka da zarto a bakin kasuwa sau da yawa wannan ƙarfin yake fara kashewa. Kunnenka ne ke gaya maka babur ya ƙara gudu. Agogon gudu bai gaya maka ba.

Matatar iska fa? A ƙasar da hunturu ke zuwa da ƙurar da ke rufe rana, cire matata daidai yake da ɗura wa inji yashi da cokali. Ƙura ta shiga, ta goge ringi, ta ci silinda, baƙin mai ya fara haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Shuɗin hayaƙin nan da kuke gani yana bin wasu babura, wanda ke sa na baya rufe hanci da gefen rawani, daga nan yake. Babur ɗin da ya kamata ya yi shekaru yana ciyar da gida, sai ga shi ana sauke masa inji tun bai gama biyan kuɗin kansa ba. Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Yanzu ga wanda ya fi ban tsoro, tanki. Tankin mai yana numfashi. In mai ya ragu, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba mai ya ƙi sauka. In rana ta buga, kamar a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a nan, fetur na tururi, dole tururin ya samu mafita. Don haka ne aka yi wa tanki hanyar shaƙa. A yawancin baburanmu tana cikin murfi. A wasu sababbi, tiyo ne ke ɗaukar tururin ya kai shi wani ɗan gwangwani mai gawayi a ciki, gawayin ya riƙe shi, in an tada inji ya zuƙe shi ya ƙona. Ma'ana, man da ka biya da kuɗinka yana komawa inji maimakon ya bi iska. Wasu kuma suna da ɗan bawul da ke toshe hanyar in babur ya faɗi, don kada mai ya tsiyaye.

Wannan tsarin ne ake tsinkewa a jefar. A bar tiyo a buɗe, bakinsa na kallon fulogi ko salansa mai zafi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana taruwa, kuma ba ya bukatar zafi kafin ya kama, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ku tuna a ina baburanmu ke kwana. Saboda ɓarayi, a zaure suke kwana, ko tsakar gida, wani ma cikin ɗakin da yake barci da matarsa da jaririnsa. Da asuba uwar gida ta hura wuta taku biyar daga wurin. Don Allah, wace irin caca ce wannan?

Mun san abin da tururin fetur ke iya yi. A watan Mayu na 2019, tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, mutane fiye da 50 suka mutu a daren. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a Majiya ta jihar Jigawa, aka rasa fiye da 150. Tankin babur ba tanka ba ne, gaskiya. Amma lita goma ta isa ta cinye ɗaki da wanda ke cikinsa.

WA KE SHAƘA?

Mai babur yana gaba, hayaƙi na baya. Nan zaluncin yake.

Salansar babur a tsayin gwiwar babba take. Tsayin fuskar wa ke nan? Yaron da ke tafiya makaranta. Yarinyar da ta durƙusa tana gyara tiren goro. Tsohuwar da ke zaune bakin titi tana suyar ƙosai tun sassafe. Mai faci. Almajirin da ke tsaye da kwanonsa a tasha. Mai kifin da ya kawo kamun tabkin Madarunfa ya shimfiɗa a kasuwa. Babu ɗaya cikinsu da aka tambaya ko ya yarda.

Me ke cikin hayaƙin? Akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareta cikin gida. Mai ɗumama babur cikin rufaffen zaure da safe, ita yake ba ƴaƴansa kafin koko. Akwai benzin, wani sinadari da ke cikin fetur da tururinsa, wanda cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo kansar jini. Akwai ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ke wuce hanci su sauka can ƙasan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutane miliyan 4.2 kafin lokacinsu a shekarar 2019, kuma mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu.

Ba na cewa babur ne kaɗai ke ɓata mana iska. Akwai hayaƙin itacen girki, akwai ƙona shara da leda, akwai tsofaffin tireloli, akwai ƙurar hamada. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ƙarin ya zama laifi. Ƙirjin da ya sha ƙura wata huɗu, ya sha hayaƙin murhu safe da yamma, shi za ka zo ka ƙara wa don a ce babur ɗinka na da murya? Ƙurar hamada ba mu da ikon tsayar da ita. Sukudireban da ke hannun bakanike muna da iko da shi.

Sai kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka: ƙarar da ta kai desibel 85, awa 8 ne iyakar zama cikinta a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. In ta kai 100, minti 15 ne kacal. Babur marar salansa na iya kaiwa nan ko ya wuce. Ɗan kabu-kabu kuwa tun bayan asuba yake bisa har bayan isha'i. Ƴan gashin cikin kunne da ke ɗaukar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa, babu boka babu likita. Yau kana shekara 22 kana jin kai ne sarkin titi. A shekara 40 ɗanka zai riƙa maimaita maka magana sau uku.

HUJJOJINKU, DA AMSARSU

Na san abin da ake faɗa a tashoshin kabu-kabu, kuma ba duka ne shirme ba. Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya.

Ana cewa, "Ƙara tana ceton rai, in an ji ni za a kauce." Ina salansa ta dosa? Baya. Wanda ya fi jin ƙararka shi ne wanda ka riga ka wuce. Direban motar da ke gabanka, gilashi a rufe, rediyo na yi, sai ka iso gefensa yake jin ka. In da gaske tsira kake nema, gyara birki, gyara fitila, gyara oda, mayar da madubin da ka cire don gayu, ka sa hular kwano. Abin mamaki, yawancin masu wannan hujja babu ko ɗaya cikin biyar ɗin nan a baburansu.

Ana cewa, "Gwangwanin nan toshewa yake, babur ya riƙa mutuwa a hanya." Yana faruwa. Amma yawanci dalili shi ne cika tanki har baki, ana girgiza babur don kwalbar ƙarshe ta shige, mai ya bi tiyo ya jiƙa gawayin. Magani shi ne a bar wa tanki ɗan sarari, a busa tiyo, a duba ko ya lanƙwashe. Mutum ba ya yanke hanci don mura ta kama shi.

Ana cewa, "Salansa ta ruɓe, sabuwa da tsada." Wannan hujja ce ta gaskiya, kuma ba da mai ita nake faɗa ba. Talakan da salansarsa ta huje yana tara kuɗin wata daban ne da wanda ya kai sabuwa fil aka fasa ta, ya kuma biya ladan fasawa. Na farko rashi ne ya kama shi. Na biyu ya sayi cutar da mutane da kuɗinsa.

Ana cewa, "Tireloli da motocin manya sun fi mu hayaƙi, don me ba a yi magana a kansu?" Za a yi, yanzun nan. Amma laifin babba bai taɓa zama lasisin ƙarami ba.

Sai ta ƙarshe, wadda ba a faɗa da baki: burgewa. Rakiyar amarya, babura hamsin, kowa na murɗawa, ana tada ƙafar gaba, ana bi ta gaban asibiti da makaranta da gidan da aka yi rasuwa jiya. A ƙasar Madarunfa fa! Yankin da shekaru ke nan ƴan bindiga na ƙetaro iyaka bisa babura su kwashe shanu su sace mutane. A ƙauyukan Gabi da na bakin dajin Baban Rafi, rugugin babura da dare ba wasa ba ne, ƙarar da ke sa uwa ta suri goyo ta nufi gona ce. Wanda ya san haka kuma ya fasa salansa ya bi ta ƙauye da dare don nishaɗi, wallahi ya binciki zuciyarsa.

NA SAMA MA BA SU TSIRA BA

Yanzu mu ɗaga kai. Da yawa cikin baburan da ke shigo mana tun daga kamfani ba su da gwangwanin gawayi, ba su da matatar hayaƙi cikin salansa. An bar su ne tun can, don an san babu mai tambaya a nan.

Dubi Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS. Tun watan Afrilu na 2020 ta ɗora wa duk sabon babur da za a sayar cikin ƙasarta ƙa'ida mai tsauri, wadda ta sa kamfanoni suka koma ba inji mai ta na'urar lantarki mai awo. Sin, inda Haojue da ire-irensa ke fitowa, ta yi irin haka a 2019. Turai ta fara gwada tururin tankin babur tun 2016, ta ƙara tsanantawa a 2020. Ƙasashen da ke ƙera baburan sun ce huhun ƴaƴansu ya fi ƙarfin tsohon samfuri. Tsohon samfurin ina ya nufa? Wurinmu. Ba su ɓoye ba, ba su karya dokarmu ba, mu ne ba mu gindaya musu komai ba.

Haka motoci. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Wasu tun kafin su iso an zare musu matatar hayaƙi, abin nan da kanikawan Najeriya ke kira indomi, saboda tana ɗauke da ƙarafa masu tsada. Wadda ta iso da tata, a garejinmu ake ƙarasa ta, a ce wa mai mota "ita ke danne maka inji", a sayar a bayan idonsa.

A can wannan laifi ne mai hukunci. A 2015 aka kama Volkswagen da sa wa motoci kusan miliyan 11 dabarar yaudarar gwajin hayaƙi, ya biya biliyoyin dala. A 2016 kamfanin babura na Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 a Amurka, saboda ya sayar da na'urori kimanin 340,000 da ke sauya saitin inji su ƙara hayaƙi. Abin da aka ci babban kamfani tara a kansa, shi ne yaron bakanike ke yi a nan da guduma, a gaban kowa, da rana tsaka.

Kada wani ya ce Afirka ba ta iya ba. Man fetur mai dalma, wanda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, ƙasashen kudu da Sahara sun yi alkawarin barin sa a Dakar a 2001, kuma zuwa farkon 2006 suka bari. A watan Fabrairu na 2020 ministocin CEDEAO suka zauna a Wagadugu suka amince da ƙa'idar mai mai tsabta da ta hayaƙin motoci. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, to, magana ta dawo hannunmu da na AES. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, muna da SONIDEP, muna da duwan a Ɗan Isa, muna da dokar kare muhalli mai lamba 98-56 tun Disamba 1998. Ƙasar da ke cewa ta karɓi ragamar kanta, ai tana iya cewa ga irin babur ɗin da zai shigo mata, ga wanda ba zai shigo ba. Ƴancin kai da bai kai ga iskar da yaro ke shaƙa ba, da sauransa.

LISSAFIN ALJIHU

Wanda maganar lafiya ba ta taɓa shi ba, to ga ta kuɗi. Shekaru da yawa mun saba da ruwa-ruwa mai araha daga Jibiya, a kwalba a kowace kwana. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare a Najeriya, farashi ya ninka fiye da biyu cikin kwanaki, wannan araha ta tafi. A gidan mai lita ta daɗe a sefa 540, aka rage ta zuwa 499 a watan Yuli na 2024, amma a watan Maris na 2025 kowa ya ga layin da aka yi a ƙasar nan ana neman man da babu. A irin wannan zamani, mutum ya biya bakanike don babur ɗinsa ya ƙara shan mai, tankinsa ya riƙa hura fetur cikin iska, injinsa ya mutu da wuri? In babur na ubangida ne, amana ka ci. In naka ne, kanka ka cuta. In bashi ka ci ka saya, ka haɗa biyun.

RANAR DA ZA A HANA

Ga abin da ya kamata ya hana kowane ɗan kabu-kabu barci. Babur a yankin nan rayuwa ce. Shi ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Shi ke kai tumatir da albasar Jiratawa kasuwa. Shi ya hana dubban matasa, har da masu digiri, zaman banza. Kuma abu ne da hukuma ke iya tsayarwa da takarda ɗaya.

An yi a Kano. Ranar 19 ga Janairu 2013 aka kai wa Sarki Ado Bayero hari, cikin ƴan kwanaki gwamnati ta hana acaɓa, har yau bai dawo yadda yake ba. An yi a Difa a 2015. An yi a Tilaberi a farkon 2020. A 2021 jihar Katsina, maƙwabciyarmu, ta taƙaita zirga-zirgar babura ta hana sayar da mai a jarka. Duk waɗannan saboda tsaro aka yi su, ba don hayaƙi ba. Amma mu ma muna bakin iyaka, mu ma muna da matsalar tsaro. In wata rana aka kawo wannan shawara kan tebur a Maraɗi, wa zai tashi ya kare ku? Limamin da kuka hana jin karatunsa? Malamar da ke dakatar da darasi sai kun wuce? Mai jegon da kuka tada wa jariri ƙarfe ɗaya na dare? Jama'ar da ta gaji da ku ba za ta yi muku kuka ba, cewa za ta yi Allah ya raka taki gona. Kuma takardar ba za ta tantance mai salansa da marar salansa ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga sandikar ƴan kabu-kabu: ku kafa doka a kowace tasha, babur marar salansa ko mai yoyon mai ba ya shiga layi. Kun iya karɓar kuɗin tasha kullum ba fashi, wannan ma za ku iya. Ku buɗe asusu cikin kuɗin nan, wanda salansarsa ta ruɓe a ranta masa ya biya sannu a hankali.

Ga iyayenmu kanikawa: ku ne malaman yaran nan, abin da kuka ce shi suke ɗauka. In yaro ya kawo sabon babur a fasa, ku ce masa a'a, ku gaya masa dalili. Ku daina barin tiyon mai a sake. Ku koya wa yaran gareji wanke matata da saita kafireta, aikin da zai sa mai babur ya dawo wurinku shekara goma yana godiya.

Ga hukumomin Madarunfa da sauran garuruwanmu: ku fara da faɗakarwa a rediyo da masallatai da tashoshi, ku ba da wa'adi, sannan a shiga kamu. Ku keɓe kewayen asibitoci da makarantu. Ku zauna da masu unguwa a kan rakiyar amarya.

Ga ƴan sanda da jandarma: kada wannan ta zama sabuwar hanyar na goro. In an kama babur, a gyara shi kafin a sake shi, tara kuma a ba da takardarta. In ta koma "kawo jika guda ka wuce", an ƙara wa talaka haraji ne kawai, hayaƙi na nan inda yake.

Ga ƴan kasuwar da ke shigo da babura: ku kawo salansa da matata da tiyo na asali a farashin da ɗan kabu-kabu zai iya. Ku tambayi kamfanonin da kuke hulɗa da su me ya sa samfurin da suke sayarwa a gida daban, wanda suke turo mana daban.

Ga malamai da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: ku fito da na'ura ku auna mana iska da ƙara a tashar Maraɗi da kasuwar Madarunfa da mashigar Ɗan Isa, ku bayyana sakamakon da Hausa. Jama'a na da haƙƙin sanin abin da suke shaƙa.

Ga ƴan mata da amare: ku ma kuna da ƙuri'a a nan. Rabin wannan hauka dominku ake yin sa. Ranar da amarya ta ce ba ta son fasasshen babur cikin rakiyarta, ranar za a ga layi a gareji.

Kai kuma ɗan uwana mai babur, ba sai ka jira kowa ba. Yau da yamma ka durƙusa ka duba. In kana jin warin fetur bayan ka kashe inji, akwai inda yake fita, a nemo shi. Kada ka ɗumama babur cikin zaure. Kada ya kwana inda ake hura wuta. Kada ka cika tanki har baki. In salansarka ta asali na nan a jefe bayan ɗaki, ɗauko ta a mayar. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Babur naka ne, babu mai ja. Amma iskar da yake hurawa ta gari ce, daren da yake tsagawa na gari ne, kuma sana'ar da kake jefawa cikin haɗari ta dubban ƴan uwanka ce. Ku tura wa duk mai babur da kuka sani, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sa mu gyara da kanmu tun ba a gyara mu ba.